Ƙasar da Yaya Ya Sa Na Zana

Mu biyu ne maza a ɗakinmu, ni da yayana wanda ya girme ni da shekara bakwai. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, ɗan nesa da kwalta. Tun ina ƙarami an san ba ni da amfani sosai a gona. Idan aka ba ni kunya biyar in nome, sai a tarar na yi biyu na zauna a gindin gawo ina zane a ƙasa da tsinke. Yaya ne yake ƙarasa mini sauran, yana yi yana faɗa, amma bai taɓa kai ƙarata wurin Baba ba.

Wata safiya Baba ya zagaya bayan rumbu ya tarar na zana jakin maƙwabcinmu da gawayi a jikin bango. Ya daɗe a tsaye yana kallo, ni kuma ina gefe ina jiran duka.

"Har ɗingishinsa ka fito da shi," in ji shi. Sannan ya juyo ya dube ni. "Ɗebo ruwa ka goge. In hannunka ba zai zauna ba, ga itatuwa nan, ga duwatsu, ga sama. Abin da yake numfashi ka bar wa Mai shi."

Na goge jakin. Daga ranar ban sake zana mai rai ba, kuma ban taɓa jin an tauye ni ba, domin abin da ya bar mini ɗin ya fi ƙarfin rayuwar mutum ɗaya.

Ina da shekara goma sha ɗaya aikin ruwa ya iso wajenmu. Katafiloli suka zo suka tumɓuke itatuwa, suka baje tuddai, suka cike kududdufai. Mu yara murna muke yi, muna bin su da gudu. Aka sake auna gonaki aka yanka su falle-falle, aka ja kanal ya ratsa ta tsakiya. Ranar da aka fara sako ruwa har tsofaffin mata sai da suka fito kallo. Cikin 'yan shekaru muka koyi noman rani, alkama da tumatir da albasa, daga baya shinkafa ta mamaye ko'ina. Gidanmu ya daina auna hatsi da tsoro idan bazara ta yi. Ban ji wanda ya yi kukan tsohuwar ƙasar ba, ni ma ban yi ba.

Da na tasa, kawuna ya kai ni Kano wurin wani mai fentin manyan motoci. A nan na fara riƙe burushi. Direbobi suna son a yi musu zaki ko mikiya a ƙyauren baya, maigidana ne yake yin waɗannan, ni kuma a bar mini abin da ke bayansu: dutse, rafi, giginya, gajimare. Da tafiya ta yi tafiya sai wasu direbobin da ba sa son hoton dabba suka riƙa cewa a ba ni ƙyauren gaba ɗaya. Na yi shekara tara a garejin nan, na yi aure, matata tana gida ƙauye ni ina zuwa duk ƙarshen mako biyu.

Wata rana da hantsi wani siririn mutum mai tabarau ya shigo garejin yana tambayar wanda ya yi wa wata motar albasa fenti. Ya ce tun daga hanyar Zariya yake bin bayanta bai samu damar wucewa ba, har ya gaji ya koma kallon zanen da ke jikinta. Da suka tsaya sai ya tambayi direban. Aka nuna ni.

"Kai ka zana gawon nan ba ganye, alhali dawar da ke ƙarƙashinsa kore ce shar?" ya tambaye ni.

Na ce ni ne, ina tsammanin laifi na yi.

"Wa ya gaya maka gawo yana kaɗe ganye da damina?"

"Ba wanda ya gaya mini, ranka ya daɗe. A gindinsa na tashi."

Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga. Ya ce shi malamin jami'a ne, aikinsa binciken ƙasa da itatuwa a bakin koguna, kuma duk masu zanen da aka taɓa haɗa shi da su sai sun lulluɓe gawo da ganye ko da wane lokaci ne. Yana shirin tafiya ta wata biyu, daga Tiga a bi ruwa har inda ya ƙare a gabas. Yana son mai zane. Na ce ai akwai kyamara. Ya ce akwai, amma sai an koma gida a wanke hoton, lokacin nan in ya lalace ya lalace, kuma ba ta fito da launin ƙasa yadda yake so. Kowa Dakta yake ce masa, ni ma haka na kira shi har muka rabu.

Mu biyar ne a motar, wata Landiroba: Dakta, masu awon ƙasa biyu, direba wanda shi ne kuma mai dafa mana abinci, sai ni da akwatin katako cike da takardu masu kauri da fentin ruwa, irin wanda ban taɓa amfani da shi ba. Duk inda muka tsaya, masu awo su kafa ƙarfensu, Dakta ya sa a haƙa rami har iya ƙirji ya shiga yana murza ƙasa da yatsu, ni kuma in hau saman mota in zana abin da ke gabana. In na gama in sauko in zana bangon ramin, hawa-hawa, kowace ƙasa da launinta.

A Tiga na fara shan kunya. Na zauna tun safe na yi madatsar ruwan da duwatsun da ke bayanta, na kawo masa ina jin daɗin kaina. Ya karɓa, ya duba takardar, ya duba ruwan.

"Malam mai zane, ɗaga kai ka kalli ruwan can. Wane launi ka gani?"

Na kalla. Damina ce, ruwan ya yi kamar kunun tsamiya, can tsakiya kuma ya yi toka-toka, bakinsa da ɗan kore.

"To me ya sa ka yi shi shuɗi?"

"Haka ake yin ruwa."

"A jikin mota haka ake yi," in ji shi. Ya miƙo mini sabuwar takarda. "Ba ma sauri. Za mu jira ka."

Suka jira ni har la'asar. Masu awo suna ta tsaki, direba ya dafa shinkafa da wake aka ci ba ni. Sau huɗu ina yi ina yagewa. Abin da ya ba ni wahala shi ne hannuna ya riga ya saba, da na tsoma burushi sai ya nufi shuɗi da kansa. A na biyar na ɗauke shuɗin daga akwatin na sa a aljihu. Da na kai masa bai yaba ba, ya dai rubuta sunan wurin a bayan takardar ya sa a jakarsa, ya ce a tayar da mota.

Muka bi kogin ta Wudil, muka gangara Haɗeja, har muka kai inda mota ba ta da hanya, wajen fadamun Nguru. A nan muka koma kwalekwale. Ban taɓa ganin ruwa da sama sun haɗu haka ba, ba tudu ba dutse, sai ciyawar kacala da ta fi mutum tsawo da tsuntsayen da ba sa ƙirguwa. Tsuntsayen na bar su a sama, na zana inda suka tashi. A kwana na uku, muna ratsa wani lungu, gindin kwalekwalen ya hau kan kututture a ƙarƙashin ruwa ya karkata. Ba wanda ya faɗa, amma akwatina ya zame ya shiga. Masuncin da ke tuƙa mu ya yi tsalle ya tsamo shi nan take, sai dai ruwa ya riga ya shiga. Aikin kwana goma sha biyu ne a ciki.

A tungar masunta matar mai kwalekwalen ta karɓi takardun ta shimfiɗa su a kan zana tare da kifin da take shanyawa, ta danne kowacce da ɓawon kawa. Wasu sun tsira da ɗan tabo. Guda tara kuwa fentin ya narke ya zama kamar an zubar da miya. Na zauna a bakin ruwa na kasa cin abinci. Dakta ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Ba za mu koma baya ba, man mota ba zai kai mu ba," ya ce. "Me ka tuna?"

Na ce ban sani ba. Ya ce in gwada ɗaya, wurin da muka tsaya bayan Ringim. Na rufe ido, sai ga wurin ya zo mini: gaɓar da ta zaizaye ta hagu, kanya biyu a samanta ɗaya ta karkata, yashi fari a tsakiyar kogi mai siffar takalmi, gonar rake can nesa. Na zana. Ya buɗe littafinsa inda ya rubuta itatuwan kowane zango da tazararsu, ya riƙa dubawa yana kallon takardar. Ya ce kanya uku ce. Na ce biyu ce, ta ukun marke ne. Ya kira ɗaya daga cikin masu awo, shi ma ya ce marke ne. Dakta ya soke abin da ya rubuta ya gyara. A kwana huɗu na mayar da duk taran. Waɗanda suka tsira kuwa har muka dawo Kano suna ƙarnin kifi, Dakta ya ce a bar su haka.

A tafiyar nan na gane cewa idan na zauna na kalli wuri da kyau, yana zama a kaina ba ya fita. Da ban sani ba.

Bayan wannan na yi kusan shekara ashirin ina bin Dakta, wata shekarar tafiya ɗaya, wata biyu, tsakani in koma gareji. Mun je tuddan rairayi na arewacin Yobe, inda na rasa yadda zan haɗa launin yashin sai na kwaɓa yashin kansa da ƙaro na shafa a takarda. Mun hau tsaunin Mambila, inda muka yi kwana uku a tanti hazo ya rufe ko'ina, ina sanye da riguna uku da bargo. Da ya yaye a safiya ta huɗu na ga tuddai a jere, kore iri-iri har na daina ƙirgawa, na zauna na kasa taɓa burushi sai da rana ta ɗaga. Mun kwana a makarantun firamare, a zaurukan dagatai, a gindin kuka. Na ci abincin da ban san sunansa ba, na yi zazzaɓi a garin da ba mai jin Hausa sosai, wata tsohuwa ta yi jinyata da ruwan ganye har na tashi.

Duk dawowa nakan kawo wa Yaya tsaraba, bandar kifi ko ganyen shayi ko dabino, in kuma nuna masa 'yan zanen da na yi wa kaina. Shi ne yake riƙe da gonata, shi yake duba iyalina. Yakan goge hannu a riga ya karɓi takarda ta gefe-gefe, ya kalla, tambayarsa kuma guda ɗaya ce ko da yaushe:

"Me suke shukawa a nan?"

In na gaya masa ya gyaɗa kai ya miƙo mini. In na ce ba a shuka komai, sai ya ce, "To Allah ya kyauta," kamar na ba shi labarin rashin lafiya. A gaban mutane yakan ce ƙanensa ya tafi yawon kallon gonakin wasu. Ba da zafi yake faɗa ba, amma na san a wurinsa abin da nake yi ba sana'a ba ce, wata lalura ce da Allah ya ɗora wa gidanmu, aka kuma karɓa da haƙuri.

Da Dakta ya yi ritaya tafiye-tafiyen suka tsaya. Zanen suna can a durowoyin ofishinsu, ban san ko ana buɗewa ba. Ni ma gwiwoyina sun fara magana, sai na tattaro na dawo gida. Na kama ɗan shago a Kura kusa da masu injin casar shinkafa, ina rubuta allunan shaguna da sunaye a jikin a-daidaita-sahu. Da safe kafin in buɗe shago nakan ɗauki kujerata ta ninkewa in zauna a bakin kanal in yi zanen awa ɗaya. Da farko manoma sun ɗauka ma'aikacin gwamnati ne ya zo ƙidayar gonaki. Da suka gane ɗan gidan wane ne, suka riƙa wucewa suna cewa, "Mai fenti, an fito?"

Shekara uku da suka wuce, lokacin yankan shinkafar rani, ina zaune a bakin kanal bayan la'asar sai ga Yaya ya taho da sandarsa. Ya tsufa, 'ya'yansa ne suke noman yanzu, shi sai zagaye da ba da umarni. Ya zauna a kan dakalin ƙofar ruwa. Can ya ce jikarsa, wadda take karatu a Kano, ta tambaye shi yadda wurin nan yake kafin a kawo ruwa. Ya yi ta kwatanta mata, ya ce akwai tudu a nan, akwai kududdufi a can, ita kuma tana kallon shimfiɗaɗɗiyar shinkafa tana murmushi irin na wanda ba ya son ƙaryata babba.

"Na ga ba ta gani," ya ce. "Ni ma da na zo faɗa sai na ji abin yana kuɓuce mini. Kai da aka ce kanka yana riƙe wuri, zana mini nan."

"Yaya, ai kullum nan nake zanawa."

"Ba wannan ba. Na da, lokacin Baba."

Shekara hamsin da wani abu ina zane, ranar ce ya fara neman in yi masa. Na ce to.

Na sayo falanki mai faɗin ƙyaure biyu, na shafe shi da farin fenti, muka jingina shi a zauren gidanmu. Na tsayar da kaina a inda nake zama ina yaro, gindin gawon gonar Baba, ina fuskantar gabas. Na fara da gawayi. Tudun da muke gangarowa a kan ɓawon kuka ya zo, kududdufin da mata ke wanki ya zo, rijiya, ɗorawa uku na gonar liman, hanyar kasuwa, kukar da ake cewa kada a je gindinta da tsakar rana. Mako biyu ina yi. Yaya yakan shigo ya tsaya a bayana, ya ce tudun bai kai haka tsawo ba, yaro ne ni shi ya sa na gan shi babba. Na rage shi.

Labari ya bazu, tsofaffin gari suka mayar da zauren wurin hira bayan sallar la'asar. Kowa ya zo sai ya nemi gonar ubansa. A nan rigimar tsamiya ta tashi. Na sa tsamiya a gabas da rijiya, inda na san ta. Limamin unguwarmu, wanda ya girmi Yaya, ya ce a yamma take, a gindinta aka yi masa kaciya, ba zai manta ba. Wani tsohon maƙeri ya ce a gabas take, shi ya sha faɗowa daga kanta. Kwana uku suna wannan, har liman ya daina amsa gaisuwar maƙerin da sakin fuska. Ni na ajiye gawayi na koma gefe.

Yaya ne ya ce a je a ɗauko Goggo, ƙanwar Baba, wadda ita kaɗai ta rage a sa'o'insu. Aka kawo ta a a-daidaita-sahu daga Bunkure, aka zaunar da ita a kan tabarma gaban falankin. Idonta ya yi rauni, sai da ta matsa har hancinta ya kusa taɓa katakon. Aka faɗa mata abin da ake gardama a kai.

"Ku duka yara ne," ta ce. "Tsamiya biyu ce. Ta yamma iska ta kayar da ita shekarar da aka kai ni ɗaki. Da itacenta aka dafa abincin bikina. Kututturen ya daɗe a wurin, a kansa muke ɗora tulu."

Liman ya yi dariya har da tari, ya miƙa wa maƙerin hannu. Na zana tsamiyar gabas a tsaye, na sa kututture a yamma da rijiya. Goggo ba ta tsaya nan ba. Ta ce ina gandun kaba da ke bayan kududdufi, inda suke yankowa su yi faifai? Ba namijin da ya tuna da shi a zauren nan. Ta sa na ƙara shi, da 'yar hanyar da mata ke bi zuwa ɗebo ruwa, wadda ba ita ce ta maza ba.

Na fara sa fenti ke nan sai Arɗo ya zo. Shi ne babban rugar Fulanin da ke yamma da mu, sun fi shekara sittin a wurin, suna kiwo suna ɗan noma. Tsakaninmu da su akwai zumunci, akwai kuma 'yan maganganu duk shekara idan shanu suka sauka bakin kanal. Ya yi sallama, ya tsaya da sandarsa a kafaɗa yana kallon zanen. Ya daɗe.

"Ya yi kyau," ya ce. "Amma ina hanyarmu?"

Kowa ya san burtalin da yake nufi, kowa kuma ya san yanzu shinkafar waɗansu daga cikin mazauna zauren ce a kansa. Ni kaina kunya ta kama ni, domin na tuna da shi sarai da ya faɗa, ban san yadda aka yi hannuna ya tsallake shi ba.

Yaya ne ya yi magana. "Gaskiyarka, Arɗo. Ta bayan gonar Baba ta bi. Ni nake gyara shingen." Ya juyo wurina. "A sa ta."

Arɗo ya tsuguna ya zana mini ita a ƙasan zauren da bakin sandarsa, daga ruga, ta kewaye tudu, ta bi tsakanin shingen bini-da-zugu, ta sauka mashaya a ƙarshen kududdufi. Washegari ya dawo ya zauna kusa da ni har na gama. Na yi ta da faɗinta, ƙasar ta yi laushi saboda tattaki, na sa sawun kofato da kashin shanu nan da can. Ya leƙa ya ce, "Shanun fa?" Na gaya masa ba na zana mai rai. Ya sake kallon sawun, ya bi su da yatsa har bakin ruwa.

"To, sun riga sun wuce mashaya ke nan," ya ce. "Ba laifi."

Wata biyu da rabi aikin ya ci. Muka kafa shi a bangon zauren, sama da inda Yaya yake zama. Da jikar tasa ta zo hutu ya sa aka kira ta. Ta tsaya tana kallo, ta tambayi ta ina kanal ya bi yanzu. Yaya ya miƙe ya ja yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta kan tudun, ta tsakiyar gonar liman. Ta ɗauki hoton da wayarta ta tura wa 'yan uwa. Kafin mako ya zagayo an kira ni daga Legas da Fatakwal, mutanen da ban gani ba tun muna yara, kowa yana tambaya ko ɗorawar can ta gonarsu ce.

Jikar ce ta tambaye shi, ina zaune, ko yana so a ce ƙasar ta koma haka.

"A'a," in ji Yaya. "Kin gan ta da kyau haka, mun sha yunwa a cikinta. Akwai shekarar da muka ci tafasa wata guda. Ruwan nan alheri ne. Ina dai so in riƙa ganinta."

Da damina ta kama, Arɗo ya aiko ɗansa babba shagona. Ya ce shanunsu za su tashi zuwa wajen dajin Falgore kamar kowace shekara, hanyar kuma kullum ƙara tsukewa take yi, wani wurin ma sai an bi gefen kwalta. Tsohon yana so in bi su in zana masa zangon da suke sauka tun yana saurayi, don shi ƙafarsa ba ta kai shi yanzu. Matata ta ce da wace gwiwar. Yaya ya ce in tafi, zai sa a duba mini shagon.

Na bi su kwana biyar, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan babur ɗin ɗan Arɗo da akwatina a cinya. Ruwa ya dake mu sau biyu. Na sha kindirmo har na gaji da shi. Na dawo da kumburarrun ƙafafu da takardu goma sha ɗaya, na kai wa Arɗo har ruga. Ya sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma, ya jera su bi da bi yadda hanyar take, yana faɗin sunan kowane zango kafin in faɗa. A na bakwai ya tsaya, ya ce a da akwai rafi a nan. Na ce yanzu babu, masara ce. Ya gyaɗa kai, ya wuce na takwas. Da muka gama ya tattara su ya sa a cikin adakar matarsa, ya ce a kawo mini fura.